Sauran Azumin Ɗan Talata

Na Allah muke, kuma gare shi duk za mu tattara. Ranar Litinin, bakwai ga watan Maris na 1932, a ƙarshen watan Ƙaramar Salla, da hantsi, Allah ya karɓi ran wana Ɗan Talata tsohon soja, wanda mutanen addininsa na Katolika ke kira Yusufu, a gidan mahaifiyarmu nan Gure. Ciwon haƙarƙari ne, bai daɗe a kwance ba. Ni ƙanensa Ma'azu, mai wankin gyambo a gidan likita, ni nake rubuta wannan domin ƴan'uwanmu na Gamu, da abokan sojansa da ke Damagaram, da duk wanda ya taɓa cin abin hannunsa.

Yaya, da kai zan yi magana, don tun da ka tafi ba wanda nake faɗa wa magana ya ji. Ka rasu a tsakiyar azuminku na kwana arba'in, ba ka kai ƙarshensa ba. To, Inna ta ɗauki sauran tana yi maka. Yanzu haka da nake rubutu tana zaune a inuwar danga, leɓenta ya tsage, tun asuba ko ɗigon ruwa bai wuce maƙogwaronta ba, ga bazara ta kankama. Tsohuwar da ta haura saba'in, wadda ba ta daɗe da fita daga Ramadan ba, ta kuma bi shi da sitta Shawwal. Na binne wa, ina kallon uwa tana shirin bin bayansa, kuma na rasa abin yi.

An ɗauke ka soja shekarar da Nasara suka shiga babban yaƙinsu, ina yaro ina lekol, makarantar boko. Sai da muka fid da rai sannan ga ka, ka sauko daga raƙumin fatake da tari a ƙirji na hayaƙin guba, da ɗan gicciye na ƙarfe a wuya. Ka ce a asibitin soja can ƙasar Faransa wani limaminsu, irin waɗanda kuke ce wa Mompera, shi ya zauna a kanka har ka tashi, kuma a hannunsa ka karɓi addinin. Dangi suka yi ca. Kawunmu ya rantse sai an kore ka daga gida. Inna Yabawa ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ɗan da aka mayar mata da rai ba za ta kore shi ba, ko me ya rataya a wuya. Daga ranar ba ta ƙara ta da zancen a gaban mutane ba. Amma a duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya yarda ya ba ka ƴa, haka ka zauna gwauro har ka mutu, kuma ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Ka kama garka, wato lambu, a kwarin da ke bayan tudu, ka haƙa rijiya, ka shuka albasa da barkono da alkama kaɗan, ka gyara itatuwan dabinon da kakanmu ya bari. A nan ka kafa rumfar kaba wadda kuke taruwa ran Lahadi. Ku ɗin ma nawa ne? Mushe Sosu, magatakarda a bariki, mutumin Dahome, da matarsa Madam Filomen da ƴaƴansu. Sai kafinta ɗaya da wani mai dafa wa kumandan, Baturen mulki, abinci, su ma baƙi. Wasu a yi musu canjin wurin aiki su tafi, wasu su zo. Kai kaɗai ne ɗan ƙasa, kai kaɗai ne ba ka zuwa ko'ina, don haka komai ya taru a kanka. Kai ke share rumfa, kai ke jan addu'a, kai ke tuna musu ranakun idi. Mompera kuwa, tun da ka dawo sau biyu ko uku na ga ya ratso ta Gure, ya kwana ya wuce. Da jaririn kafinta ya mutu kai ka haƙa kabari, ka tsaya ka yi masa addu'o'in da ke kanka, ba takarda a hannunka. Lokacin ban yi tunanin cewa ran da ka mutu ba mai yi maka haka ba.

Ba na mance Larabar Toka ta farko, ranar da azuminku ke farawa. Ka ƙona ganyen dabino, kuka shafa tokar a goshi, ka shigo gida da ita baƙa ƙirin. Inna ta dube ka ta ce katon mutum kamarka ya fita gari da dauɗar murhu a fuska. Ta kama haɓarka, ta tofa miyau a bakin zaninta, ta goge tas. Kai kuma ka sunkuya mata ka tsaya cik kamar ɗan yaye har ta gama. Ni ina gefe ina ta dariya. Sai daga baya na gan ka a bayan rumbu kana sake shafawa. Shekarun da suka biyo, in ranar ta zo, sai ta riƙa yi maka magana tana duban ƙafarka.

Azuminku shi ne abin tsokanar gari. Abinci sau ɗaya da rana tsaka, ba nama, ran Lahadi a huta, ruwa kuwa a sha duk lokacin da aka so. Nakan ce maka, azumin da ake kwankwaɗar ruwa ai ko raƙumi ya fi ku ƙoƙari. Sai ka yi murmushi ka ce naku azumin rabinsa a ciki yake, rabinsa a hannu. Wato abin da mutum ya hana cikinsa ba nasa ba ne kuma, dole ya fita zuwa ga wani. Akwai randa a rumfarku. Kowane gida, in za a auna hatsin daka na yini, sai a ɗebi tafi guda a ware, kai kuma abincin darenka gaba ɗaya kake auna wa randar. Ran Jumma'a da la'asar, bayan kun zagaye garka kuna durƙusawa kuna tuna wahalar Annabi Isa, sai a juye randa a daka, a dama fura, a raba wa duk wanda ya zo.

Da farko ba mai zuwa. Mutane suka ce sadakar wanda ba ya salla ba za ta shiga cikinsu ba. Furar ta kwana ta yi tsami, ranka ya ɓaci, har na ji ka ce wa Inna ka rasa yadda ake ba mutum abu ba tare da an ci mutuncinsa ba. Jumma'ar da ta zagayo sai ta sa aka kawo ƙwaryar ƙofar gidanmu, ta zauna da ludayi a hannu tana kiran mata da sunansu. Wa zai ƙi furar Inna Yabawa? Kowa ya san daga inda hatsin ya fito, amma tun da ta hannunta ya biyo, sai aka sha. Haka abin ya zauna shekara da shekaru, kai da noma da aunawa, ita da daka da rabo.

Bara da fara ta cinye gonaki, makiyayan Alakos suka gangaro gari ba dabba ba hatsi, randar nan ba ta ƙara kaiwa Jumma'a ba. Ka buɗe rumbunka tun kafin azumi. Na yi maka faɗa, na ce ka bar na iri ko tiya goma ce, ka ce to, washegari na tarar ka sake ɗiba. Cikinsu akwai wani dattijo Garbai, mutumin da dā garkensa in ya taso sai an ba shi hanya. Yunwa ta rame shi har wandonsa ba ya zama, amma ya ce shi bai taɓa miƙa hannu ba kuma ba zai fara da furfura ba. Sai ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce tsuntsaye sun dame ka a garka, ko zai taimake ka da tsaro. A lokacin albasa ce kawai a ƙasa. Wane tsuntsu ke cin albasa, Yaya? Haka Garbai ya zauna gindin dabino da sanda yana korar abin da babu, da yamma ka auna masa ladan aikinsa, ya tafi gida da kansa a sama. Ran da muka kai ka, shi ya fi kowa kuka, kuma har yau bai san ba ka da tsuntsaye ba.

Mu ma Musulmi ba ka bar mu ba. Duk Ramadan kai ke cika tulunan masallacin unguwa kafin magariba, ka aje dabino a faifai a bakin ƙofa, ka juya kafin a yi kiran salla. Ba a taɓa ganin ka da abu a baki da rana ba a cikin watan. Liman Aisami ya sha faɗa a gabana cewa bai san maƙwabci irinka ba, kuma in ya faɗa sai ya girgiza kai. Na san abin da yake haɗiyewa.

Bana muna sauke namu azumin kuka ɗauki naku, kwana ɗaya ko biyu ne tsakani. Ka shiga da ƙirji ba daɗi, ga jan ruwa a rijiya tun sanyin safiya, ga mutane sun fi bara yawa a ƙofa. Na ce ka sassauta, ka ce sai Faska, idinku na ƙarshen azumi. Wata safiya Garbai ya zo da gudu irin na tsofaffi ya ce ya same ka kwance a bakin rijiya. Muka ɗauko ka. Ni da nake yini ina ba mutane magani, na saurari haƙarƙarinka na san abin da ke ciki, na kuma san abin da ke kabad ɗin gidan likita ba zai taɓa shi ba. Na shafa abin shafawa, na ba ka abin sha, don dai kada hannuna ya zauna banza.

Abu ɗaya ka yi ta tambaya, ko an ji labarin Mompera a hanya. Ka ce akwai abin da mutum ke faɗa masa kafin tafiya, akwai mai da yake shafa wa majinyaci. Ina zan samo maka shi? Mafi kusa yana can tafiyar makonni. Mushe Sosu ma, wanda ya iya karanta addu'o'inku, yana rangadi da kumandan can wajen Alakos. Nakan ce maka an aika, kai kuma ka gyaɗa kai, mu biyu mun san ko an aika ba zai iske ka ba. Inna kuwa tana ɗaya gefen, bakinta a kunnenka, tana maimaita kalmar shahada a hankali, ko Allah zai sa ka kama. Shekara goma sha wani abu ba ta roƙe ka wannan ba sai ranar. Ka riƙe hannunta ka ce, "Inna, Allah ɗaya ne, wannan na sani. Ki yafe mini sauran." Ba ka ƙara wata magana ba.

Daga nan ne na san mene ne rashin dabara. Liman Aisami ya zo, ya zauna, ya yi mana gaisuwa da hawaye a idonsa, ya ce mini a keɓe ba zai iya tsayawa a kanka ba, kuma maƙabarta ba za ta yiwu ba. Ban yi masa gardama ba, abin da ya sani ya faɗa, kuma shi ya aiko da likkafani daga gidansa. Na tambayi Madam Filomen yadda kuke yi wa mamaci. Ta fashe da kuka ta ce a ƙasarsu Mompera da manya ke yin komai, ita mace ce, daga nesa take tsayawa. Na yi maka wanka yadda na iya. Muka haƙa a kan tudun da ke duban garkarka. Da aka miƙo mini gawarka ina cikin rami, sai na tsaya, ban san ina zan juya fuskarka ba. Na dubi kafinta, ya dubi mai dafa abinci, ba wanda ya sani. Na kwantar da kai a hannun dama kana duban gabas, don shi kaɗai hannuna ya iya. Mutanen rumfarku suka yi wata gajeruwar addu'a da harshensu. Mu kuma, taron da ya kusa cika tudun, muka tsaya hannuwa a sake, ba sahu ba kabbara. Ban taɓa ganin jama'a da yawa haka sun yi shiru don rashin abin faɗa ba.

Washegari aka kai wa Inna fura ta ce a mayar. Na ɗauka baƙin ciki ne. Ashe tun ranar jana'iza ta ja Madam Filomen gefe ta tambaye ta saura nawa azuminku ya ƙare, ita kuma baiwar Allah ta lissafa mata da yatsu har zuwa Faska, kusan mako uku, ba ta san dalilin tambayar ba. A wurin Inna lissafin a fili yake. Wanda ya fara azumi bai gama ba, akwai ramuwa a kansa. Ba ka da mata, ba ka da ɗa. Saura ita.

Kuma irin namu take yi, Yaya, daga asuba har faɗuwar rana, ba ci ba sha, har ran Lahadi. Da Mushe Sosu ya dawo na kai shi gabanta. Mutumin nan ya durƙusa, da Hausarsa mai tuntuɓe ya yi mata bayani dalla-dalla: a addininku ana shan ruwa, ana cin abinci da rana, tsofaffi ma an ɗauke musu, kuma wanda ya mutu ba a bin sa sauran azumi. Ta saurare shi da kyau, ta sa masa albarka. Bayan ya fita ta ce mini su ai baƙi ne, matafiyi kuwa ko a wurinmu yana da rangwame, shi ya sa suke sha. Kai kuma, in ji ta, ƙirjinka ne ya sa kake kurɓar ruwa duk shekarun nan, ta daɗe da ganewa, ta yi shiru ne don kada ta kunyata ka. Ita lafiyarta ƙalau, gida take, don haka cikakke za ta yi maka, ba irin na masu uzuri ba.

Na koma wurin Liman Aisami. Ya zo da kansa ya gaya mata ba wanda ke yi wa wani azumi, kuma Allah bai ɗora wa rai abin da zai halaka shi ba. Ta ce gaskiya ne, malam, ta sa aka kawo masa goro, ta raka shi da godiya har zaure. Da asuba na ji motsin ƙwaryarta tana sahur. Ƴar'uwarmu Habsu ta zo daga Gamu ta yi kuka ta yi birgima, a banza. Limamin Musulmi ya ce babu, mai karatun Katolika ya ce babu, addini biyu sun haɗu a kan magana ɗaya, tsohuwa ta ƙi. Wallahi wani lokacin har haushinka nake ji. Kai kaɗai ne in ka ce mata ta bari za ta bari, kai kuma ka kwanta can kan tudu ka bar ni da ita.

Jumma'ar da ta wuce ta ce a kawo hatsin randa, rabo ba zai tsaya ba. Ta ɗaga taɓarya sau kaɗan sai na ga ta sulale gefen turmi. Na ɗauke ta, ba nauyi, kamar damin kara. Na ja fatar hannunta na saki, ta tsaya a tsaye ba ta koma ba, kuma na san ma'anar wannan, a gidan likita ina ganinsa ga waɗanda ake tsintowa a hanyar daji. Da ta farfaɗo na kai moɗa bakinta, ta datse haƙora ta kau da kai. Na durƙusa na ce ta bar mini, ni zan ɗauki sauran, in ma so take in ninka zan ninka. Ta ce ai ita ta haife ka, ba ni ba. Na ce to in ta mutu fa, wa ta taimaka? Sai ta dube ni, idonta a bushe, ta yi magana da ƙyar.

"Ma'azu, liman bai yi masa salla ba. Malaminsu bai zo ba. Kai da ka sa shi a rami ba ka san ina za ka juya shi ba. Kowa ya ce ba hurumina ba ne, kuma duk kun yi gaskiya. To yaron nan haka zai isa gaban Allah, ba wanda ya rako shi da komai? Ni ban san ko za a karɓa ba. Amma a ga dai uwarsa ta aiko."

Na aje moɗar.

Yaya, ni ba malami ba ne. An gaya mini akwai iyakar abin da zan roƙa maka, kuma ban san addu'o'inku ba balle in yi maka su. Abin da na sani, ka ciyar da mai yunwa ba ka tambaye shi addininsa ba, ka rufa wa dattijo asiri, ka shayar da masu azumin da ba naka ba, ba ka taɓa ɗaga wa uwarka murya ba. Wannan na shaida, kuma a gaban kowa zan faɗa. Na miƙa ka ga Ubangijin da ya halicce mu daga ciki ɗaya, wanda ya fi mu sanin abin da ke zuciyarka, wanda rahamarsa ta fi sanin masu sani faɗi. Ya Allah, ka dubi bawanka Ɗan Talata da idon tausayi, ka sanyaya masa makwanci, kada ka bar shi shi kaɗai. Ka ba mu haƙurin rashinsa, ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyya ga Habsu da ƴaƴanta da dukan danginmu na Gamu. Ina yi wa Mushe Sosu da Madam Filomen da sauran mutanen rumfa, waɗanda yanzu ba su da mai jan addu'a ran Lahadi. Allah ya kawo musu wanda zai riƙe su. Ina yi wa Garbai, da matan da ke zuwa ƙofarmu ran Jumma'a, da abokan sojansa duk inda suke. Ina gode wa Liman Aisami da mutanen unguwa da suka hau tudu tare da mu. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Inna ce kaɗai ban yi wa ta'aziyya ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce ya dakata, ɗanta bai gama ba tukuna, a bari sai ta sauke masa ran Faska sannan ta zauna ta karɓi gaisuwa kamar kowace uwa. Na ce to. Ya Allah, ka sa ranar in same ta da rai in yi mata.